Sun Ce Ƙwayar Ciwon Hanta Ta Cika Jinin Ɗana, Amma Ba Su Ba Shi Magani Ba

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Kano ce, shekararmu biyu a Ingila da maigidana da yaranmu biyu, kuma ina da ciki wata biyar. Da na je awo aka ɗebi jinina, sai aka ce ina ɗauke da ciwon hanta nau'in B, abin da ban taɓa sani ba. Aka gwada gidan gaba ɗaya. Maigida an ce ya taɓa kamuwa jikinsa ya kore ta, ƙaramar ba ta da ita, amma babban, ɗan shekara takwas, yana da ita. Likitar ta ce ƙwayar cutar a jininsa ta kai miliyoyi, sannan ta ce ba za a ba shi magani yanzu ba, mu dawo bayan wata shida. Anti, ta yaya? Ko don mu baƙi ne? Yaron yana cin abincinsa yana buga ƙwallonsa, ko zazzaɓi ba ya yi. Surukata ta ce za ta aiko da sassaƙe daga gida, maigida ya ce kada wani ya ƙara jin maganar, ni kuma na ware wa yaron kofi da cokali. Ba na iya barci. Ni na sa masa? Me zai same shi idan ya girma?

— Uwar biyu, Ingila

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya ba yaron lafiya, ke kuma Ya sauke ki lafiya.

Kafin komai, tashi ki mayar da kofin nan da cokalin cikin kwandon kowa. Wannan cuta ba ta bin kwano ko kofi, ba ta bin tari ko atishawa, ba ta bin runguma, sauro ma ba ya ɗaukarta. Jini take bi, da ruwan jiki wajen saduwar aure, da kuma lokacin haihuwa daga uwa zuwa jariri. Abin da za ki ware masa shi ne buroshin haƙori, abin yanke farce, reza da injin aski, domin ƙwayar tana iya kwana 7 da ranta a cikin busasshen jinin da ido ma ba ya gani. Idan ya ji ciwo a rufe wurin da filasta, jinin da ya ɗiga a ƙasa a goge da ruwan bilic. Shi ke nan. Yaro ɗan shekara takwas ba ya buƙatar a gaya masa an ware shi. Yana ganin kofinsa can gefe guda, zai kuma fassara abin da kansa, fassarar da ba za ki so ba.

Sai maganar da ta hana ki barci. A'a, ba don ku baƙi ba ne. Da ɗan Baturen da aka haifa a layinku zai zo da irin wannan sakamako, abin da za a gaya wa uwarsa ke nan. Dalilin yana cikin yadda cutar take tafiya a jikin yaro, don haka bari in ja ki a hankali.

Babban mutum idan ya kamu, jikinsa yakan yaƙe ta ya kore ta cikin wata shida; waɗanda take zaunar wa a jiki ba su kai 5 cikin 100 ba. Abin da ya faru da maigidanki ke nan. Jariri kuwa akasin haka ne: kusan 9 cikin 10 na waɗanda suka kamu a watannin farko na rayuwa, cutar zama take yi. Tsakanin shekara ɗaya zuwa biyar, wajen kashi ɗaya cikin uku. Tamkar baƙon da ya shigo gida tun masu gadi ba su san fuskokin 'yan gidan ba ne, sai suka ɗauka shi ma ɗan gida ne, suka bar shi yana shiga yana fita. Garkuwar jikin yaro ba ta ɗauki ƙwayar a matsayin abokiyar gaba ba, shi ya sa take hayayyafa har ta kai miliyoyin da aka faɗa miki. To, ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: ita ƙwayar da kanta ba ta cika ɓata hanta ba. Ɓarnar tana zuwa ne lokacin da garkuwar jiki ta farga ta fara kai wa ƙwayoyin hantar da cutar ta ɓuya a ciki hari. Saboda haka yawan ƙwayar a jini abu ɗaya ne, halin da hanta take ciki wani abu ne daban.

Ɗauko takardar gwajinsa ki duba layin da aka rubuta ALT. Wani sinadari ne da yake zuba cikin jini idan hanta tana jin jiki. Daga yadda kika kwatanta, na fi zaton nasa yana daidai, kuma layin HBeAg, wato alamar da take nuna ƙwayar tana hayayyafa sosai, ya nuna akwai. Wannan shi ne zangon farko: ƙwaya jingim, hanta lafiya lau. Yaro yana iya shekaru a haka. Magungunan da ake da su, irin su entekabir da tenofobir, danne ƙwayar suke yi, ba sa tumɓuke ta daga hanta. Idan aka fara su, shekaru ake yi ana sha kullum, kuma wanda ya daina kwatsam cutar tana iya taso masa da ƙarfin da ya fi na da. An gwada ba yaran da suke wannan zango magani a Amurka da Kanada, kaɗan ne ƙwarai suka amfana. Likitar da ta ce ku dawo bayan wata shida ba korarku ta yi ba, lokacin da maganin zai yi aiki take jira.

Lokacin nan shi ne zango na biyu. Wata rana, ko yana ɗan shekara goma ko sha biyar ko ya haura ashirin, garkuwar jikinsa za ta farka. ALT zai hau, ƙwayar ta fara raguwa. Yawanci yaron ba zai ji komai ba, gwajin jini kaɗai ne zai tona. Idan faɗan ya yi gajere, HBeAg zai ɓace, wani layi mai suna anti-HBe ya bayyana, ƙwayar ta sauko ƙasa sosai, hanta ta huta. Wannan ne zango na uku, kuma mutane da yawa a nan suke ƙare rayuwarsu cikin ƙoshin lafiya. Idan kuwa faɗan ya ja, ALT ya tsaya a sama wata da watanni, to hanta tana tara tabo a ɓoye, kuma a nan ne ake shigowa da magani. Entekabir ana ba yara tun daga shekara 2, akwai kuma allurar intafaron da ake yi na ɗan lokaci ga wasu. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa ƙa'idojin waɗanda za a sa wa magani, har da matasa daga shekara 12, don haka shawarar da aka yanke masa yau za a sake duba ta yana girma.

Akwai zango na huɗu da yake samun wasu: bayan shekaru ana zaune lafiya sai ƙwayar ta sake tashi, duk da HBeAg bai dawo ba. Rabuwa da cutar ɗungurungum, wato HBsAg, alamar da take nuna cutar tana jiki, ya ɓace daga jini, yana faruwa, amma da wuya, wajen mutum 1 cikin 100 a shekara ko ƙasa da haka. Ki riƙe wannan adadi a zuciyarki domin ranar da wani zai zo miki da kwalba ya ce wata uku za ta wanke jinin.

Likitocin ƙasashen da baƙi suka yi yawa sun daɗe da lura cewa inda yaro ya fito yana da tasiri a kan tafiyar cutar. A Montreal ta Kanada an bibiyi yara 'yan asalin ƙasashe daban-daban, aka ga waɗanda suka fito daga gabashin Asiya, da yawancinsu a wajen haihuwa suka ɗauka, sun fi daɗewa a zangon farko. Yaran Afirka da na ƙasashen bakin Bahar Rum sun fi saurin tsallakawa, da yawansu kafin su gama balaga HBeAg ya ɓace. Ita ma ƙwayar iri-iri ce; wadda ta fi yawa a Afirka ta Yamma ana kiranta nau'in E, ta gabashin Asiya kuwa B da C. A Padua ta Italiya likitoci sun bi wasu yara har tsawon shekara 29, kuma mafi yawansu sun girma cutar tana kwance ba ta dame su ba. Wannan labari ne mai daɗi, kuma gaskiya ne.

Amma ba zan ɓoye miki ɗaya gefen ba, tunda kin tambaya kai tsaye. A lokacin yarinta, waɗanda hantarsu take kandarewa da tabo ba su wuce 3 zuwa 5 cikin 100 ba, ciwon dajin hanta kuwa da wuya ƙwarai a ga yaro da shi. Lissafin yana canzawa ne a girma. Cikin waɗanda suka ɗauki cutar tun suna ƙanana kuma ba wanda ya kula da su, tsakanin 15 zuwa 25 cikin 100 kandarewar hanta ko dajin hanta ne yake zama ajalinsu. Kuma a wajenmu 'yan Afirka dajin yakan zo da wuri, mutum yana tsakiyar ƙarfinsa, shekara talatin da wani abu ko arba'in. Ki lura da abin da na ce: waɗanda ba a kula da su ba. Yawancinsu ba su ma san suna da ita ba sai da ciki ya kumbura. Ɗanki an gano tasa yana ɗan shekara takwas, a ƙasar da ake da gwaji da magani. Ba a sahu ɗaya yake da su ba, muddin bibiyar ba ta yanke ba.

Nan ne gizo yake saƙa, kuma nan nake so ki fi mai da hankali, fiye da kan miliyoyin nan. Abin da yake cutar da yaran baƙi ba rashin magani ba ne, ɓacewa ce daga hannun asibiti. Ki duba rayuwarku: bana kuna wannan gari, baɗi aiki ya mayar da maigida wani, an canza gida, an canza likitan unguwa. Wasiƙar asibiti ta faɗa ta ƙofar tsohon gida, sabon ɗan haya ya jefa ta a shara. An rasa ganin likita sau biyu, aka cire sunan yaro daga layi. Shi kuma ga shi nan ƙato, yana cin tuwo malmala biyu, waye zai tuna? Haka ake yin shekara biyar, goma, ba a ɗebi jininsa ba, zango na biyu ya zo ya wuce ko ya zo ya zauna ba wanda ya sani. Wuri na biyu da ake ɓacewa shi ne tsakanin shekara 16 zuwa 18, lokacin da ake mayar da yaro daga asibitin yara zuwa na manya. A lokacin ya fara jin kansa, zai ce miki, "Umma, ni lafiyata ƙalau, me zan je yi?" Wuri na uku, idan zama ya ƙare kuka koma gida ko kuka wuce wata ƙasa.

Don haka ki sayi jaka guda ta takardu, ta wannan magana kaɗai. Duk gwajin da aka yi ki nemi kwafinsa ki saka, ki kuma ɗauki hotonsa a waya. Ranar da kuka tare a sabon gida, kafin ki rataya labule, ki sanar da likitan unguwa da asibitin hanta sabon adireshi. Idan wata shida ya cika ba ki ga wasiƙa ba, ke ki kira su, kada ki ce ai su suka san aikinsu. Kuɗi ba zai hana ki ba, domin a Ingila gwaji da maganin wannan cuta kyauta ne ga kowa, kowace irin takardar zama yake riƙe da ita. Akwai manyan cibiyoyin hantar yara guda uku, a asibitin King's College na Landan, da asibitin yara na Birmingham, da Leeds, kuma likitocin sauran garuruwa da su suke shawara. Idan Turancin likita yana yi miki sauri, kina da damar neman tafinta. Kada kunya ta sa ki gyaɗa kai kan abin da ba ki gane ba.

Ranar da kuka koma asibiti, ki tambaya ko an gwada shi ciwon hanta nau'in D, wanda ba ya kama kowa sai mai nau'in B kuma yana sa cutar ta yi sauri, da nau'in C. Ki tambaya game da rigakafin nau'in A, musamman in kuna shirin zuwa gida hutu. Ki tambaya ko an yi masa sikanin hanta da awon taurinta da na'urar FibroScan, wadda ba ta da zafi ko kaɗan. Sannan ki zauna ki yi tunanin danginku. Akwai kawu ko yaya ko kaka da ya rasu da kumburin ciki, ido ya yi ɗorawa, jiki ya zube, aka ce sammu ne ko an ba shi wani abu ya ci? Ki gaya wa likita. Tarihin dajin hanta a dangi yana canza yadda za su sa masa ido, har ma da lokacin fara magani. Tsakanin ganin likita da ganin likita kuwa, idan idonsa ya yi ɗorawa, ko fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, ko ciki ko ƙafafu suka kumbura, ba a jiran wata shida. Duk likitan da zai ba shi wani magani mai ƙarfi, musamman masu danne garkuwar jiki, sai ya san da wannan cuta tukuna.

Sassaƙen Hajiya, kada ya shiga bakinsa. Na san da ƙauna ta faɗa, jikanta ne. Amma duk abin da mutum ya haɗiya ta hanta yake bi, kuma ba wanda ya san adadin abin da yake cikin jiƙon nan ko ƙarfinsa. Hantar da take zaune lafiya yau ana iya tayar mata da hankali da kofi guda, sannan likita ya ga ALT ya hau ya kasa gane ko cutar ce ko jiƙon. Ba ke za ki faɗa mata ba, ɗanta ne zai faɗa, cikin ladabi: "Hajiya, likitoci sun hana a haɗa masa da komai yanzu, addu'arki muke nema." Idan ma ta riga ta aiko, a karɓa a yi godiya a ajiye. Wani abin da za ki lura da shi cikin tsarabar gida shi ne gyaɗa, ƙuli-ƙuli da garin masara da suka daɗe a ajiye. Idan danshi ya taɓa su sukan yi fumfuna mai fitar da wata guba da ake kira afalatoksin, kuma haɗuwarta da wannan cuta yana ninka haɗarin dajin hanta sosai. Abin da ya canza launi ko ya yi ɗaci ko warin ruma, a zubar. Ban da wannan babu wani abincin da aka hana shi: nama, ƙwai, mai, duk ya ci. Sai dai ki kula da lemon kwalba da soyayyen dankalin can, domin ƙiba tana tara kitse a hanta, kaya ne a kan kaya.

Kin ce ke kika sa masa? Yana yiwuwa a wajen haihuwa ya ɗauka, yana kuma yiwuwa daga baya ne, domin a ƙasashenmu yara ƙanana suna ɗauka a tsakaninsu ta ƙuraje da raunukan wasa, ko ta askar wanzami wajen askin suna, cire beli ko kaciya. Ko ma ta ina ne, ba ki san kina da ita ba, kuma mai yiwuwa ke ma kina goye a bayan mahaifiyarki kika samu. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. A duniya, Hukumar Lafiya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 a 2022. Rigakafin ya shiga jerin alluran yara a Najeriya a 2004, amma allurar farko da ta fi muhimmanci ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, mu kuwa da yawa a gida muke haihuwa, jariri ba ya ganin asibiti sai bayan suna ko arba'in. Kada ki ɗauki Dala ba gammo.

Wanda yake cikinki ne abin gaggawa yanzu. Ki tabbata an auna yawan ƙwayar a jininki ke ma. Idan ta haura 200,000, akan sa mai ciki a kan tenofobir daga wajen mako na 28, kuma kin kusa. Jaririn za a yi masa allurar rigakafi cikin awa 24, wasu a ƙara musu da allurar garkuwa ta musamman, sannan sauran allurai a kan lokaci, da gwajin jini bayan ya cika shekara. Idan aka bi wannan, da wuya ƙwarai ya kamu. Ki tuna wa ungozoma da bakinki ranar haihuwa, ko da yana rubuce a fayil. Za ki iya haihuwa da kanki, za ki shayar da shi nono, babu laifi. Bayan kin haihu kuma kada ki manta da kanki. Iyaye mata sun iya kai yaro asibiti su bar nasu layin ya wuce, alhali cutar takan motsa a watannin jego. Ƙaramar kuma a tabbatar ta kammala allurarta, kuma gwaji ya nuna rigakafin ya kama jikinta.

Maigidanki yana da gaskiya rabi. Ba dole ba ne maƙwabta ko matan unguwa su sani, kuma makaranta a Ingila ba ta hana yaro zuwa aji ko wasa saboda wannan. Amma shi yaron dole ya sani, daidai da hankalinsa. Yanzu ya isa a ce masa akwai wata ƙwaya a jininsa da likita yake dubawa, shi ya sa ba ya aron buroshi kuma yake rufe ciwo. Kafin ya balaga a yi masa cikakken bayani, har da nisantar giya da maganar aure. Aurensa ba zai gagara ba: matar da aka yi wa rigakafi kuma ya kama jikinta, ta tsira. Kuma ɓoyewa ma ba za ta yiwu ba, tunda a Kano tun 2024 doka ta wajabta gwajin wannan cuta kafin ɗaurin aure. Gara ya ji daga bakinku yana yaro da ya ji a ɗakin gwaji ana saura mako biyu biki.

Sauran waɗanda sirrin bai kamata ya rufe ba su ne 'yan ɗakinku. Ki kira mahaifiyarki da yayyenki da ƙannenki, ki ce kowa ya je asibiti ya nemi gwajin HBsAg, ba shi da tsada kuma ba ya ɗaukar lokaci. Wanda ba shi da ita ya yi allurar rigakafi guda uku, ya kammala su. Wanda aka samu da ita ya nemi likitan hanta a asibitin koyarwa ko babban asibiti, a gwada matarsa ko mijinta da 'ya'ya, kada kuma ya je kemis ya sayi tenofobir da kansa don ya ji an ce shi ne maganin.